Sai Bango Ya Tsage: Tarihin Barade da Yadda Ake Cin Yaƙi da Doki a Gem



Duk wanda ya taɓa buga Medieval II: Total War, ko Age of Empires II, ko Mount & Blade II: Bannerlord, ya san babu rundunar da ke cin dukiya kamar mahayan dawaki masu sulke, kuma babu wadda ake saurin yin asararta kamarsu. Mutum zai ɓata rabin awa yana tara zinare, ya haɗa baradensa, ana jan daga ya tura su kai tsaye cikin sahun abokan gaba, kafin ƙiftawa da bismillah duk an zubar da su. Daga nan sai ka ji ana cewa gem ɗin ne ya yi coge, ko kuma an ba masu mashi ƙarfin da ya wuce kima. Alhali abin da ya same shi ya taɓa samun sarakuna na gaske, a filayen da har yau ana zuwa kallonsu. Masu ƙirƙirar waɗannan wasanni daga tarihi suka kwaso dokokinsu, saboda haka wanda ya san yadda aka ƙare a Hastings da Hiɗɗin da Patay ya riga ya san rabin lissafin da kwamfuta ke yi a ɓoye.

Maganar da zan gina wannan rubutu a kanta guda ce. Babban makamin barde shi ne firgici. Mashi da takobi suna zuwa ne bayan firgicin ya gama aikinsa. Idan dakaru suka haɗa kafaɗa, suka kafa tsini, suka ƙi motsi, doki yakan rasa hanyar shiga. Idan kuwa sahunsu ya ɓalle, ko suka juya baya, to babu abin da ya kai doki kisa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Aikin mai jan ragamar barade shi ne ya san wa zai tsaga masa bangon, kuma ya gane lokacin da ya tsage.

Hastings, 1066

Ranar 14 ga Oktoba 1066 William na Nomandi ya haɗu da Sarkin Ingila Harold Godwinson. Kwana 19 kafin nan Harold ya ci yaƙi da Sarkin Norway Harald Hardrada a Stamford Bridge can arewa, sannan ya yo kudu da sauri. Mutanensa kan hau doki su je fagen fama, amma a ƙasa suke yaƙi. Suka hau kan tudu, suka jera garkuwa jikin garkuwa, manyan mayaƙansa riƙe da gatura masu dogon ƙota. William yana da maharba, da dakaru, da barade.

Tun da hantsi aka fara, kuma har rana ta yi nisa baraden Nomandi suna hawan tudun suna dawowa. Hawan tudu yana cinye gudun doki, doki kuma idan ya iso bakin garkuwa babu gudu, ya zama nama ga mai gatari. Marubucin tarihin William ya ce dawaki uku aka kashe a ƙarƙashinsa a ranar. Abin da ya sauya yaƙin shi ne lokacin da ɓangaren hagu na rundunar William ya karye, jita-jita ta bazu cewa an kashe shi, wasu Ingilishi suka bar sahu suka sauko bin masu gudu. William ya ɗaga kwalkwalinsa mutanensa suka ga fuskarsa, barade suka juyo, suka kewaye waɗanda suka sauko a fili suka gama da su. An ruwaito cewa bayan haka Nomawan William sun yi gudun ƙarya har sau biyu don su sake janyo wasu. Kowane janyowa yana rage kaurin bangon, kibau na ta zuba, har zuwa yamma aka kashe Harold, sahu ya watse.

Wannan yaƙi yana cikin Medieval II, yana kuma cikin ƙarin The Conquerors na Age of Empires II da ya fito a 2000. A Age of Empires II wanda ke saman tudu yana samun ƙarin kashi 25 cikin ɗari na ƙarfin sara, wanda ke ƙasa kuma a rage masa. Idan abokin karawarka ya kafe a tudu, ka taɓa shi da maharba, ka nuna masa ƙeya, ka bar shi ya sauko da ƙafarsa.

Masaƙa sun kashe barade

Ranar 11 ga Yuli 1302, a wajen garin Kortrijk da ke Beljiyam ta yau, rundunar Faransa ƙarƙashin Robert na Artois ta fuskanci mutanen biranen Flanders, akasarinsu masu sana'a, masaƙa da makamantansu. Sun zaɓi fili mai rafuka da ramuka da taɓo, suka tsaya a bayansu da dogayen masu da wata gora mai tsinin ƙarfe a kai. Maharban Faransa sun fara aiki kuma suna samun sa'a, sai Robert ya janye su don barade su shiga. Dawaki suka tsallake rafukan a warwatse, suka iso ba gudu ba tsari. Aka riƙa dukan dawakin, mahayi na faɗuwa a gama da shi, domin an hana kama fursuna. Robert kansa a nan ya mutu. Bayan yaƙi aka tsinci kaimin zinare wajen ɗari biyar aka rataye a coci, shi ya sa ake kiransa Yaƙin Kaimin Zinare, kuma har yau 11 ga Yuli ranar biki ce a Flanders.

To ko ke nan mashi ya fi ƙarfin doki har abada? A duba Falkirk, 22 ga Yuli 1298. William Wallace ya tsara 'yan Sukotland cikin da'ira huɗu, masu a waje kamar ƙayar bushiya, maharba a tsakaninsu. Baraden Sarki Edward na Ɗaya sun kori 'yan dawakin Sukotland, sun tattake maharban, amma da'irorin sun gagare su. Sai Edward ya dakatar da su, ya kawo nasa maharban. Mutanen da suka cunkushe wuri guda, ba su da abin rama harbi, kuma ba halin su watse saboda dawaki na jira. Kibau suka yi ta buɗe giɓi, barade suka shiga ta giɓin. Ga aikin doki guda biyu a yaƙi ɗaya: ya raba masu mashi da masu kare su, sannan tsayuwarsa kawai a gefe ta tilasta musu zama inda kibiya ke so.

Shekara 16 bayan haka, a Bannockburn cikin Yunin 1314, Robert Bruce ya gyara kuskuren Wallace. Masu mashinsa ba su tsaya jira ba, tafiya suka yi gaba suka matse baraden Edward na Biyu a wuri mai ƙunci tsakanin rafuka, inda babu filin ɗaukar gudu. Da maharban Ingila suka fara samun wuri a gefe, marubuci John Barbour ya ruwaito cewa mahaya ɗari biyar ƙarƙashin Robert Keith ne suka afka musu suka tarwatsa su. Ƙaramar runduna ce, amma an aike ta kan abin da ya dace.

A Age of Empires II barde guda yana cin abinci 60 da zinare 75. Mai mashi abinci 35 ne da katako 25, babu ko ƙwayar zinare, ga shi an ba shi ƙarin sara a kan doki. Duk baradenka da suka mutu a bakin mashi, zinare ka sayar aka biya ka da itace. Maganin shi ne na Falkirk: maharbanka su ci masu mashinsa, baradenka su ci maharbansa da injinan jifansa.

Yaƙi uku, makamai iri ɗaya

A Crécy, 26 ga Agusta 1346, rundunar Sarkin Faransa Philip na Shida ta iso da la'asar bayan doguwar tafiya. An ba da shawarar a kwana a huta, amma manyan barade na ta turowa daga baya. Aka tura sojojin haya na Genoa masu baka mai kunama, wanda ake ɗanawa kamar bindiga, alhali manyan garkuwoyin da suke fakewa a bayansu suna can cikin kaya. Maharban Ingila masu dogon baka suka fi su saurin harbi, suka ja da baya, baraden Faransa suka tattake su don haushi. Daga nan aka yi ta kai hari, an ce wajen sau goma sha biyar har cikin dare, ana hawan gangare ta kan gawarwakin dawaki. Cikin matattu har da Sarkin Bohemia John, wanda makaho ne. Sauri ya haifi nawa.

A Agincourt, 25 ga Oktoba 1415, Henry na Biyar ya sa kowane maharbi ya fiƙe turke ya kafa a gabansa. Filin gona ce da aka yi wa huɗa, ruwa ya jiƙa ta, ga kurmi dama da hagu. Akwai lokaci guda da doki zai iya cin wannan yaƙi: da Faransawa suka ƙi motsi, Henry ya sa mutanensa suka tuge turakun suka matso gaba suka sake kafawa. A wannan tsakani maharban a buɗe suke, amma ba a kai hari ba. Da aka kai daga baya, mahayan ma ba su cika ba, dawakin da kibau suka ji wa ciwo suka juya suka kutsa cikin dakarunsu da ke tafe a taɓo.

Sai Patay, 18 ga Yuni 1429, makonni kaɗan bayan Joan ta Arc ta taimaka an ceto birnin Orléans. Ingilishi ƙarƙashin John Talbot da John Fastolf suna ja da baya, Talbot ya tsaya da maharba zai yi kwanton ɓauna. An ruwaito cewa wata barewa ce ta ratsa ta cikinsu suka yi mata ihu, 'yan leƙen asirin Faransa suka ji. Rundunar gaba ta Faransa, mahaya wajen 1,500 ƙarƙashin La Hire da Xaintrailles, ba su jira kowa ba, suka afka musu tun ba su gama kafa turaku ba. Ingilishi sun rasa mutum kusan dubu biyu, aka kama Talbot, Faransawa kuwa asararsu ba ta taka kara ta karya ba. Wata guda bayan haka aka naɗa Charles na Bakwai a Reims.

Dogon bakan nan dai shi ne, dokin nan shi ne. Abin da ya bambanta Agincourt da Patay 'yan mintuna ne. A Medieval II maharban Ingila suna kafa turaku ne kafin a fara yaƙi, kuma turakun ba sa tashi daga inda aka kafa su. Doki ya taɓa su ya mutu, ko da naka ne. Kewaya ta gefe, ko ka tilasta musu barin wurin. Sannan a wannan gem ɗin harin barade yana buƙatar tazara da tsari: ka tsayar da su su daidaita sahu, ka ba su fili su sunkuyar da masu, su isa gaba ɗaya. Da zarar sun zare takubba an cakuɗe, ƙarfin karon ya ƙare. Janye su, ka sake jerawa, ka sake dawowa. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Hiɗɗin da Arsuf

Ranar 3 ga Yuli 1187 Sarkin Ƙudus Guy na Lusignan ya bar maɓuɓɓugan Saffuriya ya nufi Tabariya, wadda Salahuddin Ayyubi ya kewaye. Tafiya ce cikin zafin bazara, hanya ba ruwa. Mahayan Salahuddin masu baka suka yi ta zagaye suna harbi, musamman rundunar baya, har tafiya ta tsaya. Aka kwana da ƙishirwa, aka cinna wa busasshiyar ciyawa wuta hayaƙi ya turnuƙe su. Washegari 4 ga wata dakarun ƙasa suka rabu da barade suka haye tsaunin Hiɗɗin. Raymond na Tripoli ya kai hari, Taƙiyuddin ɗan ɗan'uwan Salahuddin ya buɗe masa hanya ya wuce, aka rufe bayansa, harin ya tashi a banza. Marubutan Larabawa na lokacin sun lura cewa barden Faranji da wuya a kayar da shi muddin dokinsa lafiya yake, sai a kashe dokin. Aka kama Guy, kuma ranar 2 ga Oktoba Ƙudus ta miƙa wuya.

Shekara huɗu bayan haka Richard na Ingila ya taso daga Akka zuwa Yafa, ya tsara tafiyar yadda ba za a yi masa irin ta Guy ba. Teku a damansa, jiragen ruwa na bin sa da guzuri, dakaru da masu baka mai kunama a hagu sun zama katanga, dawaki a tsakiya. Bahauddin ɗan Shaddad, wanda ke tare da Salahuddin, ya ga dakarun Faranji sanye da riguna masu kauri, kibau sun kafe a bayansu suna ta tafiyarsu. Wannan riga 'yar uwar lifidinmu ce. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ake lissafa sarautarsa tsakanin 1390 da 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, wato matsalar da ta dami mayaƙan Sham ita ta dami na Kano: yaya za a kare mahayi da dokinsa daga kibiya har su isa.

Ranar 7 ga Satumba 1191 a Arsuf, Salahuddin ya matsa wa rundunar baya lamba, dawakinsu na ta mutuwa. Richard ya hana kai hari sai an busa ƙaho, yana jiran mahayan Salahuddin su matso su gajiyar da dawakinsu. Barade biyu suka kasa haƙuri suka fita, saura suka bi, Richard ya ga abin ya riga ya faru ya saki kowa. Harin ya same su a kusa, wasu ma sun sauka daga kan dawaki don su daidaita harbi. Abin da ya fi harin muhimmanci shi ne Richard ya tsayar da mutanensa, ya sake tara su wajen tuta, bai bari sun bi cikin kurmi ba.

A Bannerlord wannan shi ne bambancin mai danna F1 da F3 tun daga farko da wanda ya san abin da yake yi. Ajiye barade a bayan dakaru ko a bayan tudu, ka bar sahun gaba su haɗu su riƙe juna, sannan ka zagayo da su ta baya. Ƙarfin suka a gem ɗin yana bin gudun doki ne, dokin da ya tsaya cik a tsakiyar cunkoso kuwa ya gama yawo.

Mongolawa da gudun ƙarya

Mahayin Mongol yana tafiya da dawaki da yawa yana sauyawa, makaminsa baka. A 1223 Jebe da Subutai suka yi ta ja da baya kwana tara, sarakunan Rus da ƙawayensu na bin su, har rundunar masu bin ta miƙe ta rarrabu. A bakin kogin Kalka suka juyo suka cinye su kashi kashi. A 1241 cikin kwana uku suka ci yaƙi biyu: Legnica a Poland ranar 9 ga Afrilu, inda aka kashe Henry na Biyu na Silesia, da Mohi a Hangari ranar 11. A Mohi Subutai ya tsallake kogin Sajó ta wani wuri ya ɓullo wa Sarki Béla na Huɗu ta gefe, aka kewaye sansaninsa. Sannan Mongolawa suka bar ƙofa guda a buɗe da gangan. Wanda aka rufe ta ko'ina yakan yi faɗan mutuwa, wanda ya ga hanya kuwa yakan yar da garkuwa ya ruga. Aka bi su a kan hanya ana kashewa.

Wannan dabara ta gamu da gamonta a Ainu Jalut ranar 3 ga Satumba 1260. Hulagu ya ci Bagadaza a 1258, amma bayan mutuwar babban sarkinsu Möngke ya janye yawancin rundunarsa ya bar Kitbuƙa a Sham. Mamalik na Masar su ma 'ya'yan wannan daji ne, tun suna yara aka horar da su harbi a kan doki. Baibars ya fito da rundunar gaba, ya taɓa, ya ja da baya, Kitbuƙa ya biyo shi har inda Sarki Ƙuɗuz ya ɓoye sauran runduna a tsaunuka. Kitbuƙa bai fita da rai ba.

A gem, kada ka bi mahayi mai baka da doki mai nauyi, gajiya kawai za ka tara. Maharbin ƙasa ya fi shi dacewa, domin doki babban abin bara ne. In kuwa kai ne mai su, dokarka ita ce kada a taɓa ka: harba, matsa, harba, kuma ka kula da bakin taswira inda ake matse mutum. A Age of Empires II ka tuna raƙuma an ba su ƙarin sara a kan dawaki, 'yan kaɗan a cikin ayari sukan sauya lissafi.

Bin masu gudu

Yawancin kisa a yaƙoƙin wancan zamani bayan an karye ake yin sa. Amma bin ma yana da ƙa'ida. A Lewes, 14 ga Mayu 1264, Yarima Edward ya tarwatsa mutanen Landan da baradensa, ya bi su mil da yawa saboda tsohuwar gaba. Kafin ya dawo Simon de Montfort ya ci sauran rundunar, mahaifinsa Henry na Uku ya faɗa hannu, shi ma ya ƙare a garkuwa. Wannan Edward ɗin ne shekara 34 bayan haka ya ja wa baradensa linzami a Falkirk.

A Medieval II rundunar da ta karye tana iya dawowa hayyacinta idan aka ƙyale ta, waɗanda aka kama a guje kuma fursunoni ne da za ka karɓi fansarsu. Saboda haka bin yana da riba, amma aikin 'yan doki marasa nauyi ne. Manyan barade su juya kan runduna ta gaba da ke cikin faɗa, su dake ta ta baya, domin karyewar ɗaya tana girgiza maƙwabciyarta. Kuma janar ɗinka barde ne mai ƙarfi, sai dai mutuwarsa tana karya zuciyar kowa. Ka tuna abin da jita-jita kawai ta kusa yi wa William.

Doki a wajen fagen fama

Yawancin aikin doki ba a ranar babban yaƙi yake ba. A ƙarshen 1355 Edward, wanda ake wa laƙabi da Baƙin Yarima, ya tashi daga Bordeaux ya ratsa kudancin Faransa har Narbonne ya dawo cikin kusan wata biyu, yana ƙona garuruwa da rumbuna, har da unguwannin wajen ganuwar Carcassonne. Bai tsaya kewaye wata babbar ganuwa ba. Manufarsa ya karya harajin da Sarkin Faransa ke yaƙi da shi, talakawa kuma su suka ɗanɗana kuɗarsu. Duk mai buga Age of Empires II ya san wannan hoto: mahaya kaɗan a wurin masu saran itace ko masu haƙar zinare sun fi ashirin da suka mutu a gindin ganuwa. Ko ba ka kashe kowa ba, manoman da suka gudu cikin gida ba sa noma.

Inda gem ya yi mana sauƙi

Dokin gem ba ya shan ruwa, ba ya cin harawa, ba ya gurguncewa a hanya. Barden Turai kuwa ba ya ma hawan ingarman yaƙinsa a tafiya, wani dokin yake hawa, yaronsa na jan ingarman har ranar fama. Sannan kai kana sama kana ganin fili duka, ka taɓa linzamin kwamfuta runduna ta juya nan take. Richard ƙaho gare shi da tuta, kuma ko su ba su hana barade biyu yi masa gaban kansu ba. Wanda Allah ya ba wannan sauƙi, ya kuma tura baradensa kan mashi, ba shi da uzurin Philip na Faransa.

Darasin ma bai tsaya a Turai da Sham ba. A Tabkin Kwatto cikin Yunin 1804 Sarkin Gobir Yunfa ya zo da barade da 'yan lifidi, jama'ar Shehu Usmanu ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo kuwa dawakinsu ƙalilan ne, ƙarfinsu maharba. Maharban suka dake, dawakin Gobir suka juya. Shekara ɗari biyar bayan Kortrijk, a wata nahiya dabam, sakamakon bai sauya ba.

Saboda haka kafin ka saki baradenka a wasa na gaba, duba ƙasar da ke tsakaninka da su, ko tudu ce ko taɓo ko turaku. Duba ko waɗanda za ka daka suna fuskantarka ne ko hankalinsu na wani wuri. Ka kuma san ta inda za ka fito bayan karo. Idan ɗaya daga cikin waɗannan bai yi ba, riƙe linzami, domin baraden da ke tsaye a gefe ma aiki suke yi, tunda abokin karawarka dole ya ajiye masu mashi yana gadinsu.

Masu buga Agincourt a Medieval II, ku gaya mana yadda kuka yi da baraden Faransa da ke ɓullowa ta baya. Masu Age of Empires II kuma, musamman masu son Mali da aka ƙara a 2015, muna son jin yadda kuke shiga da dawakinku idan an cika fili da masu mashi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.